An Kawo Shinkafa Da Bargo, To Ina Makewayi?

Yau za mu tattauna a kan wani abu wanda kunya takan hana mu faɗinsa a gaban jama'a, alhali kuwa shi ne yakan fi damun mace duk ranar da wani bala'i ya fitar da ita daga ɗakinta. Abin nan shi ne sutura, watau wurin da mace za ta kewaya, ta yi wanka, ta sake tufafi, ba tare da idon kowa ya sauka a kanta ba.

Dalilin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, a 'yan shekarun nan ambaliyar ruwa ta zame mana baƙuwar da ba ta daɗewa ba ta dawo ba. A 2012 ruwa ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu a ƙasar nan. A 2022 ya kashe fiye da mutum 600, ya kori fiye da miliyan 1. A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 daidai bayan irin wadda aka yi a 1994, aka ƙiyasta mutum wajen 400,000 sun bar gidajensu. A watan Mayu 2025 kuma sai ga ta Mokwa a Jihar Neja, inda aka rasa rayuka fiye da 150. Wannan ban da 'yan'uwanmu da rikici ya kora daga garuruwansu a Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da Sakkwato, waɗansunsu har sun tsallaka zuwa Diffa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, da Minawawo a Kamaru.

Duk sa'ad da irin wannan ta faru, mukan ji a rediyo an kai buhun shinkafa kaza, da bargo kaza, da tabarma da gidan sauro. Madalla, Allah ya saka wa masu bayarwa da alheri. Amma da wuya ki ji an ce an kafa makewayi kaza domin mata.

Yadda rana take wuce wa mace a sansani

Ku ɗan yi tunani, 'yan'uwa. Matar da ta yi shekara 20 a gidan mijinta, ko ƙanen mijin nan nata bai taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba, rana ɗaya ta tsinci kanta a ajin makarantar firamare tare da iyali goma, ko a fili fetal inda ba katanga ba danga. Namiji in ya matsu sai ya juya baya ya tsuguna a gindin bango, in wanka ne ya tuɓe riga ya watsa ruwa da gajeren wando, ba mai cewa uffan. Mace fa? Ba ta da wannan dama. Dole ta jira duhu.

Jiran duhun nan kuwa yana da tsada. Domin kada ta matsu da rana, sai mace ta rage shan ruwa, ta rage cin abinci, ko da an ba ta. Ma'aikatan lafiya sun sha gargaɗi cewa riƙe fitsari da ƙarancin shan ruwa suna jawo ciwon mafitsara, riƙe bayan gida kuma yana jawo taurin ciki da basir. Mai ciki da mai shayarwa, waɗanda su ne suka fi bukatar ruwa, su suka fi cutuwa. Ga mai jego wadda aka saba yi wa wanka safe da yamma. Ga budurwa wadda al'ada ta zo mata, ba wurin da za ta wanke ƙunzugu, in ma ta wanke ba inda za ta shanya shi a rana, sai ta cusa shi da danshi a ƙarƙashin tabarma, gobe ta sake amfani da shi, daga nan sai ƙaiƙayi da sauran cututtuka. Ga kuma maganar tsarki da salla, wadda ba sai na yi muku dogon bayani ba.

In duhun ya yi kuma, sai wani haɗarin ya taso. Mace ita kaɗai a bayan sansani da tsakar dare, ga maciji da kunama, ga kuma wanda ya fi su muni, watau mugun mutum. A watan Oktoba 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan mata da 'yan mata 43 waɗanda aka ci zarafinsu a sansanoni 7 na Maiduguri, kuma cikin waɗanda aka zarga har da waɗanda aka ɗora wa amanar tsaron wurin. Ba rashin makewayi kaɗai ya jawo wannan ba, amma duk abin da zai tilasta wa yarinya fita ita kaɗai cikin duhu ya buɗe wa ɓarna ƙofa.

Abin da ƙa'ida ta ce, da abin da lissafi ya nuna

Kada ku zaci wannan magana son jin daɗi ne na 'yan boko. Ƙungiyoyin agaji na duniya suna da ƙa'idodin da suka yarda da su, waɗanda ake kira Sphere. A ciki an ce a farkon bala'i kada mutum fiye da 50 su haɗu a kan masai ɗaya, da abubuwa sun ɗan lafa kuma a mai da shi mutum 20. An ce kada nisan masai daga wurin kwana ya wuce mita 50, a raba na maza da na mata, a sa abin kullewa ta ciki, a sa haske. A wuraren taron jama'a ana ba da shawarar a yi wa mata uku in an yi wa maza ɗaya. Kowane mutum kuma ya sami aƙalla lita 15 ta ruwa a rana.

To mu yi lissafi irin na aji huɗu. Mutum 400,000, in an raba su hamsin-hamsin, ana bukatar masai 8,000. In an raba su ashirin-ashirin, ana bukatar 20,000. Wace hukuma ce za ta gina ɗaki 8,000 na bulo da siminti cikin kwana uku, ƙasa kuwa duk ta jiƙe? Babu. Sansanin Bakassi na Maiduguri, wanda gwamnatin jiha ta rufe a 2021, sai da aka sake buɗe shi cikin gaggawa a 2024, aka kuma zuba jama'a a makarantu, waɗanda bandakunansu ko ɗaliban da aka gina dominsu ba su isa ba. Nan ne amfanin abin da za a iya ɗauka a hannu, a kafa shi cikin 'yan mintoci, a naɗe shi in an tashi, ya fito fili.

Rumfar naɗewa ta Turawa

A ƙasashen Turai da Amurka, inda mutane kan tafi daji ko bakin teku su kwana domin hutu, an daɗe ana sayar da wata 'yar rumfa domin wannan bukata, yanzu kuma masana'antun ƙasar Sin suna yinta da yawa. Tsayinta ya kusa mita 2, faɗinta mita 1 da 'yan kai ta kowane gefe, daidai mutum ɗaya ya shiga ya tsaya. An ɗinka ta da yadin roba marar nauyi, an zura wata waya mai lanƙwasa a gefunanta. In an naɗe ta sai ta koma kamar babban faifai, a sa ta a jaka, yarinya ma ta iya rataya ta. In an zaro ta aka sake ta, sai ta buɗe da kanta ta tsaya, a kafe kusurwoyinta da turaku, a ja zif a shiga. Akwai kuma wani iri wanda ba shi da rufi, yadi ne dogo kawai mai aljihuna, a zura sanduna a ciki a kafa, ya kewaye wuri kamar danga.

Dabara ce mai kyau, ba shakka. Amma kafin mu ce a yi odarta jirgi-jirgi, ya kamata mu duba aibinta a ƙasa irin tamu. Na farko, ba ta da nauyi, saboda haka iskar hadari ko ta hunturu tana iya yin sama da ita, wani lokaci da mutum a ciki yana wanka. Na biyu, in aka kunna fitila a ciki da dare, inuwar mai wanka takan fito a jikin yadin sarai, musamman in mai haske ne, ga shi an gudu ba a tsira ba. Na uku, ranar ƙasarmu tana cin yadin roba, ba ya daɗewa yake tsagewa, zif kuma da ƙura ta shige shi ya lalace. An yi ta ne domin iyali ɗaya su yi amfani da ita kwana biyu a shekara, ba domin mata 50 su yi ta shiga da fita kullum ba. Na huɗu, wuta. Sansanoni da yawa a Borno sun sha gobara, kuma mahajjata sun san abin da ya faru a Mina a 1997, inda wuta ta cinye tantuna ta kashe mutum fiye da 300, har ya sa hukumomin Saudiyya suka sake tantunan da wani yadi wanda ba ya kama wuta. Na biyar, kuɗin waje ake sayenta da shi, in ta lalace kuma ba kowane tela ne zai iya gyara wayarta ba.

Duk da haka tana da wurinta. Ungozoma da ma'aikaciyar asibitin tafi-da-gidanka, wadda za ta duba mai ciki a fili, wannan rumfa za ta yi mata amfani ƙwarai. Haka nan malamar da ta kai 'yan mata wasannin makarantu ko zangon 'yan gaid, inda za su sake tufafi.

Da tsohuwar zuma ake magani

Abin da ya kamata mu tuna shi ne, iyayenmu sun riga Bature sanin wannan dabara. Mene ne zana in ba katangar naɗewa ba? A saƙa ta da gamba, a naɗe, a ɗauka a ka, a kafa dirka a jingina ta a ɗaure, shi ke nan gida ya sami sutura. Ga darni na karan dawa, ga asabari a ƙofar ɗaki wanda na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Matan Buzaye suna da doguwar tabarma ta ciyawa mai adon fata, wadda suke kewaye cikin tanti da ita, ran tashi su naɗe ta su ɗora wa raƙumi. Matan Fulani masu ƙaura kuwa su ne ke kafa bukka da hannunsu duk inda aka sauka. Ashe sanin yana hannun mata tun fil azal, zaman birni ne ya sa muka fara mantawa.

Ita zana iska na ratsa ta, ba ta tara zafi, ba ta nuna inuwa, kuma kuɗinta yana komawa aljihun talakan ƙauye. Aibinta shi ne nauyi, da saurin kama wuta, da kuma cewa da damina, lokacin da aka fi bukatarta, ita ce lokacin da ta fi wuyar samu, domin sai da kaka ake yankan gamba. Saboda haka a ganina abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa dabarun biyu: siffar ta Bature, kayan aikin namu.

Ga yadda za a yi. Tampol ɗin da ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross suke rabawa yakan kai mita 4 a faɗi, mita 6 a tsawo. In aka raba shi biyu ta tsawonsa, za a sami ƙyalle biyu, kowanne mita 2 a tsaye, mita 6 a kwance. A kafa gora huɗu a kusurwa huɗu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta mita 1 da santimita 20. Kewayen ya ci mita 4 da santimita 80, sauran mita 1 da santimita 20 kuma ya haɗe kan gefen farko ya zama ƙofa mai ninki, wadda ko iska ta ɗaga ta ba a ganin ciki. Kun ga tampol ɗaya ya ba da makewayi biyu. Tela ya ɗinka aljihu a inda kowace gora za ta shiga, ya sa igiya a ƙofar ta ciki. In ba tampol, buhunan shinkafa ko na masara kamar 12, a farke su a wanke a haɗa, sun isa, sai dai a ninka su in suna da shara-shara, kuma a guji buhun da aka zuba maganin ƙwari. A ja igiya daga kan kowace gora zuwa turke, a danne gindin da duwatsu ko buhun yashi. Da dare a ajiye fitila a waje, kada a shiga da ita.

Labule ba ya maganin ƙazanta

A nan sai mu yi hattara, domin akwai abu biyu da makewayin naɗewa ba zai yi ba. Na ɗaya, yana tsare ido ne kawai, ba ya kawar da ƙazanta. In domin wanka ne, a haƙa ɗan rami a cika da tsakuwa ruwan ya tsume, kada ya kwanta ya tara sauro. In domin bayan gida ne, ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya ko wani wurin ɗiban ruwa. Inda ruwa ya cika ƙasa har ba a iya haƙa rami, sai a yi amfani da bokiti mai murfi, a riƙa zuba toka, hukuma kuma ta shirya masu kwashewa. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Mu tuna, 'yan makonni bayan ambaliyar Maiduguri, a watan Oktoba 2024, gwamnatin Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. Makewayi mai kyau a kan ƙazantar da ba a binne ba, gyaran gangar auzinawa ne.

Na biyu, yadi ba ƙofa ba ne, ba ya hana mugu shiga. Saboda haka inda aka kafa shi ya fi yadda aka ɗinka shi muhimmanci. A kafa na mata a ɓangaren mata, kusa da wurin kwana, ba can bayan sansani ba, kuma hanyarsa kada ta bi ta inda samari ke zama. A sa fitila mai aiki da hasken rana a kan hanyar. Dattijai mata su riƙa zama a kusa bi da bi, 'yan mata kuma su riƙa tafiya bibbiyu.

Me ya sa ake mantawa?

Wani zai ce, wanda yunwa ke ci ina ruwansa da labule? Amsa ita ce, mun riga mun ga matar da ba ta da makewayi ba ta iya cin abincin da aka ba ta yadda ya kamata. Abinci da sutura tafiyarsu ɗaya.

Dalilin mantuwar a ganina uku ne. Kwamitocin agaji yawancinsu maza ne, kuma mutum ba ya tuna ciwon da ba a jikinsa yake ba. Mu kuma kunya ta ɗaure mana baki: in babban mutum ya zo ziyara ya ce me kuke bukata, wace ce za ta miƙe a gaban maza ta ce wurin wanke ƙunzugu? Sai a ce abinci, a yi shiru. Na uku, tulin buhuna yana kyau a hoto, makewayi kuwa ba mai son a ɗauke shi hoto yana buɗe shi.

Sa'an nan matsalar ta girmi sansani. Binciken gwamnati na 2021 ya nuna mutum wajen miliyan 48 a Nijeriya suna bayan gida a fili. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta yi nufin kawar da wannan kafin ƙarshen 2025, amma ba a cim ma burin ba, ko da yake Jihar Jigawa ta ciri tuta a 2022, ta zama ta farko da aka tabbatar ta rabu da wannan ɗabi'a. Ƙasar da ba ta wadata kasuwanninta da tashoshinta da makarantunta da bandaki a lokacin zaman lafiya ba, yaya za ta tuna da shi ranar gudu?

Abin da ya rage gare mu

Kowace shekara hukumar NiMet mai duba yanayi da hukumar NIHSA mai lura da koguna sukan faɗi tun kafin damina inda ake tsoron ambaliya. Tun da ana sanin wurin, ya kamata hukumar NEMA da takwarorinta na jihohi su tanadi waɗannan makewayai a ɗinke a ajiye a sito tare da shinkafa da bargo, su fita a mota ɗaya. A ba telolinmu mata kwangilar ɗinkin, har da waɗanda ke zaune a sansanonin, su ma su sami na cefane. Kowane kwamitin sansani kuma a sa mata a ciki, a kuma aiko mace ta zauna da mata su kaɗai ta tambaye su.

Ƙungiyoyinmu, irin su Jam'iyyar Matan Arewa da FOMWAN da matan coci-coci, da ma 'yan adashi na unguwa, ba sai sun jira gwamnati ba. In za a kai gudummawa, cikin kowane buhu goma na hatsi a rage ɗaya a sayi tampol da gora da buta da sabulu. Ku matan aure da ke zaune a bakin kogi ko a unguwar da ruwa ya saba ci, ku ɗinka naku ku ajiye a bayan gado tare da tocila da takardun asibiti. Ko ruwa bai zo ba zai yi amfani ranar biki ko zaman makoki, sa'ad da baƙi suka yi wa bandakin gida yawa, ko a gona lokacin girbi.

Ku kuma 'yan makaranta, ku roƙi malamarku ta ɗinki ta sa wannan cikin aikin zangon nan. Akwai awo a ciki, akwai lissafi, akwai kiwon lafiya, kuma aji ɗaya zai iya ɗinka goma kafin hutu. Ku gwada kafawa da naɗewa a filin makaranta har hannunku ya saba, ku koma gida ku koya wa iyayenku. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wadda ta gwada, ko take da wata dabarar da ta fi wannan sauƙi, ta rubuto mana domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya mai da waɗanda ke sansani ɗakunansu lafiya, amin.